A ƙara ma'aikatan dare a cibiyar kula da majinyata masu jiran ajali

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan cibiyar da ke kula da majinyatan da likitoci suka tabbatar cutarsu ba ta jin magani, inda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi makonninsa na ƙarshe yana fama da ciwon daji.

Tun da Cicely Saunders, wata likita 'yar Birtaniya, ta buɗe irin wannan cibiya mai suna St Christopher's a Landan a 1967, ana auna irin wannan aiki ne da rage raɗaɗi, da kiyaye mutuncin majinyaci, da tallafa wa iyalinsa. Ma'aikatan jinya na rana sun cancanci yabo, domin suna ba mahaifina mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, a kan lokaci, suna juya shi a gado don kada bayansa ya yi gyambo, kuma ba su taɓa ɓoye mana halin da yake ciki ba.

Sai dai da dare ma'aikaciya ɗaya ce ke zagaya ɗakuna da yawa, har mukan jira fiye da awa guda yana nishi kafin ta iso. Ina kira ga hukumar cibiyar da ta ƙara ma'aikatan dare.

Naka,
Wani mai karatu