Kundin Digiri a Fannin Labarin Ƙasa: A Bai Wa Ɗalibi Jagora, Ba Sa Hannu Kawai Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan kundin binciken da ɗaliban labarin ƙasa ke rubutawa a shekarar ƙarshe ta digirin farko. Ɗan ƙanwata ne ya kawo mini nasa kwanan baya, shafi saba'in, an yi masa bango mai sheƙi. Na tambaye shi sau nawa ya taka ƙafa a wurin da ya yi rubutu a kai. Sai ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa sosai ba, domin ya ce su kusan talatin ne a hannun malami guda, kuma sau biyu kacal suka zauna da shi.

Ni na yi sa'a a zamaninmu. Na je wa malamin da ke duba aikina da kan magana mai faɗin gaske, wai zan binciki zaizayar ƙasa baki ɗaya. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ɗauki abin da za ka iya kewayawa da ƙafa kafin rana ta faɗi." Da ƙyar na haƙura da kwazazzabo guda ɗaya. Muka kafa turaku goma sha biyu a bakinsa, ina zuwa da igiyar awo bayan kowane ruwa mai ƙarfi ina auna tazarar da ta rage. Wata safiya na tarar turke na bakwai babu shi, ya bi ƙasar da ta rufta. Ranar na fahimci zaizaya fiye da duk abin da na haddace a aji. Har yau ina da daftarin farko, inda ya zagaye wata jimla da jan biro ya rubuta a gefe: "Ka gani da idonka, ko ka ji an ce?"

Yaran yanzu sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Tun 1972 taurarin ɗan'adam na Landsat ke ɗaukar hoton doron ƙasa, kuma tun 2008 aka saki hotunan kyauta ga kowa. Manhajar zana taswira ta QGIS ita ma kyauta ce. Amma ɗigo ɗaya a hoton Landsat fili ne mai mita 30 a kowane gefe, na wasu taurarin ɗan'adam da ake kira Sentinel-2 kuwa mita 10. Ruftawar mita biyu da ta cinye turkena ba za ta fito a cikinsu ba. Wa zai gaya wa yaro haka, in ba malamin da ya zauna kusa da shi a gaban kwamfuta ba? Ko John Snow, likitan da ake koya wa ɗalibai taswirarsa ta annobar kwalara ta 1854 a Landan, sai da ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, sannan zargi ya tsaya kan famfon titin Broad.

A Ostireliya da Afirka ta Kudu, bayan digirin shekara uku, ɗalibin da ya yi fice kan ƙara shekara guda wadda bincike a ƙarƙashin jagora ke da babban kaso a cikinta. Ba cewa nake a kwafo tsarin ba. Roƙona ga shugabannin sassan labarin ƙasa shi ne a haɗa ɗalibi da jagoransa tun shekarar kusa da ta ƙarshe, don ya samu damina ɗaya da rani ɗaya a fili. Mai nazarin ƙasa da ruwa ba ya iya matse shekara cikin wata uku. A kuma rage yawan ɗaliban da ke kan malami guda, a lissafa masa wannan aiki cikin nauyin koyarwarsa, domin su ma malaman abin ya yi musu yawa.

Ɗan ƙanwar tawa dai na ara masa tsohuwar igiyar awona. Ya ce zai je wurin ranar Asabar, ko da yake an riga an sa wa kundin hannu.

Wassalam,
Wani tsohon ɗalibin labarin ƙasa