Rahoton Ayyukan Ƙungiya Na Shekarar 2024

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shugaba ya ce ni zan rubuta rahoton bana tunda littafin kuɗi a hannuna yake, to ga shi, wanda magana ta taɓa ya yi haƙuri.

Mitin na wata-wata an yi su, banda lokacin azumi da hutu.

Rajistar da muka yi alkawari bara, wato mu san mu nawa ne ɗaliban ƙasashen waje a Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma kowa daga ina ya fito, ba a gama ba, kuma wallahi ba laifin kwamiti ba ne. Sau nawa aka tura fom a guruf? Ƴan Kamaru, na Garwa da Marwa, cikin kwana biyu suka cike nasu, ƴan Chadi ma sun yi ƙoƙari. Mu ƴan Nijar da muka fi kowa yawa mu ne matsalar. Na yarda an rufe boda tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba a buɗe ba sai Maris ɗin bana, wasu sun daɗe a Maraɗi da Damagaram suna jiran hanyar Jibiya, amma ai kun dawo tuntuni, fom ɗin ma a waya ake cikewa, ba a boda ba.

Darasin Turanci na waɗanda suka zo da karatun Faransanci ya tsaya a sati na huɗu, malamin kyauta yake yi, kuɗin mota kawai ya nema muka kasa. Ko rabinmu ba su biya kuɗin wata ba. Wanda ake turo masa sefa daga gida, yadda naira ta faɗi ɗin nan, kar ya ce min babu.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne walimar tarbar sabbin ɗalibai. Kai, ranar an sha kallo! Ƴan matan Tawa tun asuba suke kan dambu da kopto, kilishi ya zo daga Maraɗi, ƴan Chadi suka kafa butar shayi ba su sauke ba har bayan isha'i. Wani sabon yaro daga Anjamena da ko gaisuwar Hausa bai iya ba ya tashi zai yi godiya, ya haɗa Larabci da Faransanci ya ƙare da "sannu da aiki", wuri ya kaure da dariya. Wani dattijo a Samaru da yake ba yaranmu hayar ɗaki ya zo da kansa ya yi mana addu'a, ya ce duk baƙon da ya rasa wurin kwana a kai shi gidansa. Mutanen da ban taɓa gani a mitin ba ranar har da neman ƙari, na gan ku.

Kuɗin kujeru da rumfa har yanzu ana bin mu, daga aljihuna na ba da rabi. Nan da sati biyu sunayen waɗanda ba su biya ba za su fito a guruf, Shugaba ya amince.

Ma'aji