Zuwa ga 'yata da ta ƙure ni a rediyo

Assalamu alaikum.

'Yata, ranar Asabar ɗin nan da aka gayyace ni gidan rediyo a kan maganar yara da kallon waya, ina tsaka da zuba, na kama tashar "mu a zamaninmu", sai aka buɗe layi. Kira na uku naki ne. Ba ki faɗi suna ba, amma "Gwaggo, ina wuni" kaɗai ta ishe ni. Kika ce: "Kullum kuna cewa finafinan da sun fi na yanzu. Wanne kika fi so kina yarinya? Kuma ta yaya kuka san ya fi, alhali ko yaren ba kwa ji?" Mai gabatarwa ya tuntsire da dariya, ni kuwa na yi ta yaƙe har talla ta zo ta cece ni. Tunda a bainar jama'a kika tambaya, a nan zan ba ki amsa. Sai dai maganar za ta taɓa babanki. Yaya ya yi haƙuri, 'yarsa ce ta taro.

Sunan fim ɗin Sholay, mu Shole muke cewa. A 1975 ya fito a Indiya, shekarar da aka haife ni, amma ban gan shi ba sai 1985, kuma ba a silima ba.

A Fagge muka taso, Plaza da Wapa duk tafiyar ƙafa ce daga gidanmu. Wapar da kika sani ta 'yan canji, sunan gidan silima ta gada. Galibin silimun Kano a lokacin ba su da rufi, fili ne da katanga da farin bango, shi ya sa sai duhu ya shiga ake farawa. In dare ya tsala, iska takan kwaso kiɗa da ihun 'yan kallo ta tsallako da su har tsakar gida. Na haddace waƙoƙi da yawa tun kafin in ga fuskar masu rawarsu. Shiga kuwa, ba ma a kawo shi a rai. Budurwar da aka gani a ƙofar silima, kafin a wanke ta a unguwa sai an sha wuya. Maza ma satar jiki suke yi. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa cewa silima ba, dodon bango take cewa. Hujjarta guda ce kuma ba ta tsufa: gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum sama da 300 a dare ɗaya. Tana da ƙuruciyarta aka yi, ta ga yadda gari ya kwana ana koke-koke. Majigin gwamnati da ake kafawa a fili ana koya wa mutane noma da tsafta, wannan ba ta hana. Amma a biya kuɗi a shiga bayan katanga, a wurinta mutum ya sayi tikitin wuta da kansa.

Mu mata, talabijin ce ta kawo mana Indiya har ɗaki. NTA Kano tana sakawa, sannan CTV da aka buɗe zamanin Gwamna Abubakar Rimi ta zo ta ƙara. Bayanta sai bidiyo. Wani maƙwabcinmu ya dawo daga aikin hajji da nasa, ɗakin uwargidansa ya koma silimar layinmu. Dokokin Hajiya uku ne: a wanke ƙafa, ba a shigowa da gyaɗa, wanda ya taɓa na'ura ya sallami kansa da kansa. Mukan kai mu ashirin a kan leda, ƙanana a gaba, 'yan mata a baya, matan aure a bakin gado, ita kuma tana riƙe da mafici wanda rabin aikinsa fifita ne, rabi kuwa ƙeyar masu surutu.

A 1985 ɗin Baba ya rasu. Kin san wannan, amma ba ki san yadda gidan ya koma ba. Inna tana takaba, ba ta fita ko zaure, mu ma muka daina wasan dare ba tare da kowa ya hana mu ba. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki Hajiya ta aiko, ta ce a turo mata yaran nan su ɗan sake, an kawo kaset mai kyau.

Yanzu ga maganar yare, wadda kika ɗauka da ita kika kama ni. Ba ma ji, gaskiya ne. Amma ba kurame ba ne mu. Harshensu ya sha Larabci kamar yadda namu ya sha, don haka kana zaune sai ka ji an jefo duniya, ko wata kalma mai kama da hisabi, kabari, azzalumi, sai ɗaki ya ɗauka: "Kun ji, kun ji, Hausa ya yi!" Muka tsinci nehi da acca da calo muka zuba a aljihu. Sauran kuwa ba ya buƙatar tafinta. Mace ta ja mayafi ta sunkuyar da kai in surukinta ya shigo. Yaro ba ya ɗaga murya gaban dattijo. 'Yan fashi sun addabi ƙauye suna kwashe hatsi. Akwai wani tsohon limami makaho a fim ɗin, aka kashe ɗansa aka turo gawar a kan doki, yana cikin wannan hali aka kira salla, ya nemi a kama hannunsa a kai shi masallaci. A nan sai da Hajiya ta ajiye mafici. Babu wanda ya fassara mana komai, kuma babu wanda bai share ido ba.

Sunayen ma mu muke raɗa musu. Dharmendra dama Sarkin Ƙarfi ne a bakin Kanawa. Amitabh Bachchan, Amita. Thakur, wanda ɗan fashi Gabbar Singh ya sare wa hannaye biyu, Mai Dungu. Gabbar kansa Bos. Hema Malini mai keken doki, Uwar Surutu. Sai guda ɗaya da muka rasa sunan ba ta, matar ɗan Mai Dungu, wadda aka kashe mata miji, kullum cikin farin tufafi, ba ta magana. Da daddare takan bi fitilun gida tana kashewa ɗaya bayan ɗaya, Amita yana zaune daga nesa yana busa ɗan abin busarsa. Mai Takaba muka ce da ita. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne takabar da ta ƙi ƙarewa. Mu dai mun san wata huɗu da kwana goma ne.

Fim ɗin ya haura awa uku. Mun ci mun cinye har kusan ƙarshe. An kama Sarkin Ƙarfi an ɗaure, Uwar Surutu ta yi rawa a kan fasassun kwalabe, Amita ya zo ya kuɓutar da su. Harsashi ya kusa ƙare musu, dole ɗaya ya tsaya ya tare 'yan fashi, ɗaya ya tafi da yarinya. Suka jefa kwabo kamar yadda suka saba in za su yanke shawara, ya faɗo wa Amita. Ga shi shi kaɗai bayan dutse, ga gada, ga mutanen Bos suna tahowa.

Aka ɗauke wuta.

Ke da wayarki take riƙe miki wurin da kika tsaya ba za ki san wannan ciwon ba. Muka zauna cikin duhu muna jira har Hajiya ta gaji ta kore mu. Kaset ya kwana biyu a cikin na'ura don ba a iya fitar da shi sai da wuta, ranar da aka kawo kuwa mai haya yana bakin ƙofa, wasu suna jira.

A daren muka dawo gida kamar waɗanda aka ƙwace wa tuwo a hannu. Babanki yana da shekara 17, yana yaron shago a Kantin Kwari. Ya ga fuskokinmu ya tambaya, muka faɗa masa. Ya yi shiru, ya dubi labulen ɗakin Inna, sannan ya ce shi ya gani. Sau uku ma. (Ga asirin da na ce zan tona. Mutumin da yake ƙwace miki waya ƙarfe tara, da kuɗin abincin ranarsa yake sayen tikiti.) Ya kifa turmi ya zauna, aka matso da fitilar ƙwai, ya fara.

Ban taɓa jin mai ba da labari irinsa ba. Bakinsa ne bindiga, cinyarsa ce kofaton doki. Ya ce an harbi Amita a ƙirji ya faɗi, kowa ya ɗauka ya mutu, ashe kwabon nan da yake aljihunsa ne ya tare harsashi. Ya miƙe. Aka gama da Bos. Mai Dungu ya tara mutanen gari ya ce 'yarsa ta gama takaba, shi ne waliyyinta, limami makaho ya ɗaura aure. Ta cire fari ta sa ja, aka yi mata lalle har gwiwar hannu, aka kwana bakwai ana biki, shekara na zagayowa ta haifi tagwaye. Muka yi ta tafi. Abin da na lura da shi, ban gane ba sai da na girma, shi ne murya da ya ɗaga fiye da yadda yara biyar suke buƙata. Shi ɗan fari ne. Inna ba ta kama sunansa, shi ma ba ya zama su yi hira, bare ya ce mata ta yi haƙuri. Da ya kai wajen tagwaye sai muka ji daga bayan labule: "Kai, ku tashi ku kwanta, an cika mutane da shirme." Amma da dariya a cikin muryar, irin wadda rabonmu da ji tun kafin jinyar Baba.

Shekara 31 na yi da wannan ƙarshen. Na ba ƙawayena a islamiyya, har musu na yi da wata da ta ce ba haka ba ne, na ce yayana sau uku ya gani, ita fa? Ai kowa ya sani, jarumi ba ya mutuwa.

A 2016 ɗana ya sauko mini da fim ɗin a kwamfuta, tas da shi, da fassara a ƙasa. Na zauna da murnata ina jiran biki. Amita ya tarwatsa gadar, ya mutu a hannun abokinsa. Kwabon bai tare komai ba. Fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, wato duk jefawar da suke yi shi yake zaɓar abin da zai faru, har da wannan ta ƙarshe. Suka ƙone gawarsa yadda suke yi wa mamatansu, Mai Takaba tana kallo daga nesa, ta ja taga ta rufe. Na yi kuka irin na mutuwar gida, yaron ya rasa abin yi ya je ya kira babansa. Daga baya na ji cewa su ma Indiyawan an sauya musu ƙarshen: a yadda aka fara ɗauka Mai Dungu ne ya kashe Gabbar, hukumar tace finafinansu ta ƙi, aka sake ɗauka 'yan sanda suka zo suka tafi da shi. Ashe ba babanki ne farkon wanda ya sa wa fim ɗin hannu ba.

To, na da sun fi na yanzu? A rediyo na cika baki, a nan zan rage. Na koma na kalli wasu da muke mutuwar so, ban iya kai rabi ba. Naushi bai isa fuska ba mutum ya riga ya faɗi. Kaset ɗinmu kofin kofi ne, fuskoki kore-kore, allo yana yayyafi. Kuma mu da muke zagin rawa da waƙa a finafinan Hausa, a tambaye mu wa ya shuka. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, masu shirya su da masu sayensu 'yan ɗakin Hajiya ne irina, abin da aka shayar da mu shi muka nema. Ba na jayayya da ke, hotonku ya fi namu, sautinku ya fi namu.

Abin da muka fi ku shi ne giɓi. Rabin fim ake ba mu, saboda yare, saboda wuta, saboda an aike ka ana tsaka da faɗa, ragowar mu muke cikewa da bakinmu washegari a bakin famfo da hanyar makaranta. Fim ɗaya sai ya zama biyar a layi ɗaya, kowanne da mai rantsuwa a kansa. Masu fassarar Indiya da Hausa na yanzu, da suke cusa wa Ba'indiye habaicin Kanawa, sana'ar babanki suka ɗauka suka sa mata farashi, kuma wasu sun iya ƙwarai. Sai dai sun toshe ko'ina, ba su bar wa yaro wurin da zai sa tasa ƙaryar ba. Wannan ne kaɗai nake ji miki, ba wayar ba.

Da ƙaramar salla ta 2016 ɗin na je gaishe da Yaya. Ke kina ciki kuna soya nama. Na bari baƙi suka ragu, na ce, "Yaya, ashe Amita mutuwa ya yi?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wane Amita?" Na yi shiru. Ya ja carbi ya kai ƙwaya goma, sannan ya ce, "To, ni dai a wanda na gani bai mutu ba. Kin san kaset iri-iri ne." Ban tuna masa cewa a silima ya ce ya gani ba. Ya ƙwala wa mamanki kira a kawo mini lemo.

Kada ki je ki ƙure shi yadda kika ƙure ni. In kina son gani, ki zo Asabar bayan la'asar da wayar taki, ki cika ta da caji, zan ɗora mana dambu. In an zo wajen gada zan tashi in duba tukunya, ke ki ƙarasa.

Gwaggonki.