Kada Mu Manta Da Ƙwan Da Shehu Sani Ya Fasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan Kwamared Shehu Sani, wanda ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 2015 zuwa 2019.

Kwanan baya a teburin mai shayi na ji wasu matasa na cewa ba abin da ya iya sai sauya sheƙa. Gaskiya ya zagaya, daga APC zuwa PRP har PDP, kuma ni ma hakan bai kwanta mini ba. Amma yawancinsu ba a haife su ba sa'ad da kotun soja ta zamanin Abacha ta ɗaure shi a 1995, bai shaƙi iskar 'yanci ba sai 1998.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 2018, da ya fito fili ya ce kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata da sunan tafiyar da ofis, ban da albashi. Yana cikinsu, yana karɓa, amma ya faɗa mana.

Don Allah jaridarku ta tambayi sanatocinmu uku na yanzu nawa ake ba su.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna