Wasan mawaƙa a Sakkwato: a auna fili kafin a buga tikiti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi magana kan yadda ake shirya wasan mawaƙa a Sakkwato, musamman irin wanda mawaƙi guda yake fitowa zagaye da sababbin waƙoƙinsa, yau Kano, gobe Gusau, jibi nan. Sana'armu ke nan, haɗa kayan sauti da tsara wurin taro, kuma abin yana ci mana rai. Yaro ya tara kuɗinsa, wani ya taso daga Tambuwal ko Illela, wani ya tsallako daga Birnin Konni, duk don ya ga wanda yake saurare a waya ido da ido. Sai ya ƙare a matse a bakin ƙofa, ko ya shiga bai ji komai ba sai ƙugi. Washegari a hau Facebook ana zagin mawaƙin, alhali wasan ya lalace tun ranar da aka buga tikiti ba a auna filin ba.

Awon ba shi da wuya. A sa tef a auna tsawo da faɗi, a cire wurin dandamali, da wurin mai kula da sauti, da hanyoyin wucewa, da teburan manyan baƙi. Abin da ya rage shi ne na 'yan kallo. A tsaye, mutum 2 a kowace murabba'in mita suna sakewa. Idan suka kai 4 wuri ya cika. Idan suka kai 6, mutum ba ya iya ɗaga hannunsa, taron yana kaɗa shi yadda ruwa ke kaɗa kara, ƙirjinsa kuma ba ya samun wurin buɗewa. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a turereniya numfashi ne ke ƙwace musu, wasu ma suna tsaye. Harabar da take mita 40 da mita 30 ta ba da murabba'in mita 1,200. A cire 300, saura 900, wato mutum 1,800 idan an sa 2 a kowace murabba'in mita. To tikiti 1,800 za a buga, har da na kyauta da ake raba wa iyayen gida da 'yan rakiyarsu, domin wanda ya shiga kyauta ma wuri yake ci.

Sai ƙofa, inda ɓarna ta fi yawa. Duba tikiti da laluben mutum ɗaya yana cin kamar sakan 10. Layi ɗaya ke nan yana shigar da mutum 6 a minti, 360 a awa. Mutum 1,800 ta layi ɗaya sai an yi awa 5. Ga shi mutanenmu ba ɗaiɗai suke zuwa ba, ana sallame sallar Isha'i suke tahowa gaba ɗaya. Taro irin wannan yana buƙatar layi 5, ɗaya na mata zalla, mata ne kuma za su yi musu lalube. Kada a sayar da tikiti a bakin ƙofa. A kai teburin sayarwa nesa, mita 50 ko fiye, domin mai jiran canji da mai jiran POS ya kawo sabis su ne ke toshe layi, sabis kuwa yakan tsaya idan dubban wayoyi suka taru wuri guda. A yaga tikiti a ɗaura wa mutum abin hannu na takarda wanda ba ya ciruwa sai ya yage. Wannan ne maganin miƙa tikiti ta saman katanga.

Abu guda muke so masu shiryawa su riƙe da kyau: kada mawaƙi ya hau dandamali alhali akwai layi a waje. Da zarar na waje suka ji muryarsa, na baya za su danno, ba su san na gaba ƙarfen ƙofa ya tokare su ba. A watan Disamba na 2022, a wasan mawaƙin Najeriya Asake a ɗakin taro na Brixton da ke Landan, cunkoso a bakin shiga ya yi sanadin mutuwar mutum 2, aka rufe wurin fiye da shekara guda. Gara a jinkirta rabin awa a sanar ta lasifika cewa ba za a fara ba sai kowa ya shiga.

Fita ma da lissafinta. Ƙofa mai faɗin mita 1 tana fitar da kimanin mutum 80 a minti a ƙasa mai daidai. Don a kwashe mutum 1,800 cikin minti 8 ana buƙatar faɗin mita 3, a raba shi ƙofa biyu ko uku a ɓangarori daban, masu buɗewa waje. Al'adar garƙama wa ƙofar baya kwaɗo don hana masu satar shiga, mai makulli kuma ya tafi kallo, al'ada ce mai kisa. A tsayar da mutum a jikin ƙofar tun daga farko har ƙarshe. 'Yan kabu-kabu da masu keke napep a ba su wuri a gefe, kada su jeru a bakin mafita.

Wuta kuma, ba a dogara da ta gari a wasa. Janareta biyu ake so, ɗaya na sauti, ɗaya na fitilu, domin fitilun dandamali suna jefa ƙara cikin sauti idan layinsu ɗaya, kuma idan guda ya mutu ba a shiga duhu da shiru lokaci guda. Janareta mai kVA 100 (awon ƙarfin da ake rubutawa a jikinsa) ainihin abin da yake bayarwa kilowat 80 ne, kuma bai kamata a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu ba. A zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu, da ma'auni ke haura 40, ƙarfinsa yana ƙara raguwa. Yakan sha dizal lita 15 zuwa 20 a awa, don haka a lissafa tun daga gwajin sauti na rana, a ɗora awa biyu a kai, a cika tanki kafin a buɗe ƙofa. Idan mai ya ƙare injin ya ja iska, sai an fitar da ita kafin ya tashi, minti 20 sun tafi. Sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don kariyar wuta ba ta aiki sosai a busasshiyar ƙasarmu ta rani. A kafa ta da zurfi, a jiƙa gindinta da ruwa. Rashin wannan ne ke sa makirfo ya fizgi leɓen mawaƙi.

Wajen kunna kaya, mikisa (na'urar haɗa sauti) ake fara kunnawa, amfilifaya (mai ƙara wa sauti ƙarfi) a ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce farko. Wanda ya juya wannan zai ji "dum" ɗin da ke ƙona lasifika. A lokacin hunturu ƙura tana toshe fankar amfilifaya ta yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar waƙa, saboda haka a hure ta tun da safe. Batirin makirfo marar waya sabo ake sawa dab da hawa, a kuma ajiye mai waya guda a shirye.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara lasifika duka a gaba a mure ƙara don na baya su ji. Sauti yana raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da nisa ya ninka, sai na gaba su kurumce na baya ba su ƙoshi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta sa iyakar desibel 100 a matsakaicin minti 15 ga wuraren kiɗa. Gyaran shi ne a kafa wasu lasifikan a mita 35 daga dandamali, a jinkirta su kashi ɗaya cikin goma na sakan, gwargwadon lokacin da sautin gaba ke ɗauka ya iso. In ba a jinkirta ba, kowace kalma sau biyu za a ji ta. Kukan makirfo kuwa, yawanci mawaƙi ne ya wuce gaban lasifika, ko ya dunƙule kan makirfon da tafinsa.

Ga mawaƙan kansu muna da roƙo. Ƙasar da ta saba da kotson Narambaɗa da taushin Salihu Jankiɗi ta san muryar da ke fitowa daga maƙogwaro. A sa waƙa a filashi ana motsa baki, wannan ba shi mai tikiti ya biya ba, yana da ita a wayarsa. A zo da kiɗan ba murya, a rera a kai, ko da numfashi zai ɗan yanke.

Liƙi ma yana ɓata wasa. Mutum 20 su hau dandamalin da aka yi wa mutum 8, su take wayoyi, katako ya lotsa. A bar tazarar mita 2 tsakanin shinge da dandamali, a ajiye faranti a ƙasa. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ma ta haramta watsa naira, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.

A rubuta lokacin farawa da na tashi a jikin tikiti, a kuma cika. Mai komawa Wamakko ko Boɗinga yana son ya samu abin hawa, wanda ya zo daga gabashin jiha kuwa ba ya bin hanya da dare, yana bukatar ya san zai kwana. A tanadi wurin alwala da salla, da ruwan sha aƙalla leda biyu ga kowane mutum a lokacin zafi, da ma'aikacin lafiya da mota a tsaye kusa da mafita.

Roƙonmu ga hukumomin da ke ba da izinin taro shi ne, kafin su sa hannu, su nemi takarda guda mai ɗauke da faɗin fili, da yawan tikitin da aka buga, da yawan ƙofofi da faɗinsu, da sunan wanda zai tsayar da wasa idan cunkoso ya yi yawa. Su kuma turo jami'i da tef ranar wasan ya gwada abin da aka rubuta.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin sauti da tsara taro,
Sakkwato.