Wasiƙa zuwa Alƙahira: yaron da ya tashi a hannun 'yan fashi

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya karatu, ya zaman baƙunta? Allah ya sa ana fahimta. Nan gida kowa lafiya, sai godiya. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko bana za ka leƙo gida da azumi. Hunturu ya kankama, hazo ya sauko har da safe ba a hango Dala daga Goron Dutse.

Ka tambaye ni inda aka kwana game da littafin nan na almara da nake rubutawa. Ya yi nisa, amma na zo wani wuri da ba zan iya wucewa ni kaɗai ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka da tsawo maimakon saƙon murya.

Ga yadda labarin yake yanzu, domin ya sauya daga abin da ka sani. Ayarin fatake ya tashi daga Kano ya nufi kudu, sai 'yan fashi suka far masa a cikin wani ƙungurmin daji. Ban ba dajin suna ba, ko da yake duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos ya ratsa Falgore zai gane inda na samo duwatsun da rafukan. Cikin waɗanda aka kama akwai wata mata da 'ya'yanta biyu, ɗan shekara bakwai da jinjiri a goye. Matar ba ta kwana uku ba ta cika, saboda raunin kibiya. Babban yaron an fanshe shi. Jinjirin ya zauna, wata mata da ake kira Iya ta haɗa shi da ɗanta ta shayar da su tare. Ita ma Iya kamo ta aka yi shekarun baya, shugaban 'yan fashin, Gwanki, ya ajiye ta a bukkarsa. Yaron suka sa masa Tanko.

Sansanin nasu yana gindin wata tsohuwar kuka, kuma Gwanki ya ƙulla alkawari da iskokin da ke cikinta. Duk wanda zai shiga ƙungiyar sai ya je gindin kukar ya faɗi sunan uwarsa da na ubansa, iskokin su karɓe, daga ranar ba zai sake tuna su ba. Ladansa shi ne daji ya ɓoye shi. Dawakin sarki za su wuni suna kewaye, suna jin ƙamshin hayaƙin girki, ba za su ga ko bukka ɗaya ba. Amma wanda ya sayar da asalinsa ba ya kwana a wajen dajin. Ko ina ya kai da rana, magariba a gindin kukar za ta riske shi. Rafin da ya yi wa dajin iyaka ba ya barin mutum ya haye ya tafi ke nan sai ya tsaya a bakin ruwa an tambaye shi ɗan wa ne, ya amsa daidai. Saboda haka duk wanda aka kamo sai a sa masa mari, tunda shi ya san iyayensa, in ya samu sarari zai haye. Tanko kaɗai ne kamammen da bai taɓa sa mari ba. Yana zuwa itace, yana kai awaki rafi, ba mai bin sa da ido, domin ba shi da amsar da zai ba ruwan.

Babin da na fi so shi ne na wanzami. Tanko yana da shekara goma sha bakwai aka kamo wani tsoho daga cikin birni, da zabirarsa a rataye. Da suka ga sana'arsa sai suka sa shi yi musu aski kafin kuɗin fansarsa su zo. Ya zo kan Tanko, ya jiƙa masa kai da ruwan ƙoƙo, ya dafa goshinsa ya karkatar da shi don ya fara ta gefen kunne, sai babban yatsansa ya sauka a kan zanen da ke gefen idon yaron. Tsaga uku ce, biyu a miƙe, ta ukun ta ɗan karkace a ƙasa. Tsohon ya tsaya da aska a hannu. Ya sake shafawa. Ya san wannan karkatar, domin hannunsa ne ya yi ta ranar suna, lokacin da jinjirin ya fizge kai. Bai ce komai ba, ya goge askar a tafin hannunsa, ya gama askin hannu na rawa. Sai da dare, ana ta minshari, ya ja marinsa a hankali ya matso kusa da yaron.

To a nan gardama ta tashi. Na ba wani dattijo mai sayar da littattafai a wajen Bata ya karanta, mutum ne da ya daɗe a harkar, ya san abin da ke fita daga shago da abin da ke kwana. Ya yaba, sannan ya ce lallai wanzamin ya gaya wa yaron cewa shi ɗan sarki ne, ko aƙalla ɗan wani babban hakimi. Hujjarsa ita ce mai karatu ya ga yaro ya tashi cikin ɓarayi bai taɓa sata ba, yana ɓoye wa kamammu ragowar tuwonsa, dole ya nemi dalili, dalilin kuwa jini ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na san da gaskiyarsa ta fuskar kasuwa, kuma haka muka taso muna ji tun daga tatsuniyar kakanninmu. Amma zuciyata ta ƙi. In na ce kirkin Tanko daga gidan sarauta ya gado shi, na ce ke nan Iya ba ta yi komai ba. Matar da ta tauna masa abinci, ta koya masa Fatiha da ɗan abin da ta riƙe daga makarantar allo, ta tare masa bulalar Gwanki da bayanta, duk na share ta da layi ɗaya. Kuma na gaya wa mai karatu cewa sauran jarirai da aka bari a daji, waɗanda ba 'ya'yan kowa ba ne, ba su cancanci a rubuta musu littafi ba.

Uban Tanko marini ne a Ƙofar Mata. Mutum ne mai hannu shuɗi har gwiwar hannu, wanda ya ɗauki iyalinsa ya bi ayari don ya kai 'yan turamen da ya rina kasuwar da ta fi tsada. Ya tsira da sara a kafaɗa. Da 'yan fashi suka aiko da farashi, ya sayar da ramin rininsa, ya sayar da jakinsa, ya bi dangi gida-gida, kuɗin da ya tara ba su kai na yara biyu ba. Aka ce ya zaɓa. Ya zaɓi babban, wanda ya san shi, wanda yake kiran Baba daga cikin mari. Ya yi alkawarin dawowa da kaka, kaka ta zo ba shi da ko wuri ɗaya, da ya samu kuma daji ya riga ya rufe. Ba na son mai karatu ya tsine wa mutumin nan. Ina son ya rufe littafin yana tambayar kansa wanne zai zaɓa.

Kada ka ga kamar daga kaina na ƙago wannan duka. Iskoki da kuka nawa ne, amma kamu da fansa tarihin garin nan ne. Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ta daɗe ana sayar da mutane a cikinta kamar yadda ake sayar da kanwa da fata. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga garin a shekara sun kai wajen 5,000. A wannan zamanin ne mutanen duwatsun Ningi suka riƙa kai hari kudancin ƙasar Kano suna kwashe mutane, Sarki Abdullahi Maje Karofi, da ya hau a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Da farko na so na kafa labarin a can, sai na fasa. Asalin rigimar malamai ne irin su Malam Hamza na Tsakuwa da suka bar ƙasar Kano kan maganar haraji, kuma rundunar Kano ita ma tana shiga duwatsun ta kamo nasu. Ba adalci ba ne na kira wani ɓangare 'yan fashi na bar ɗayan. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, amma sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ka ga kakannin kakanninmu sun ga abin da idonsu. Gidaje nawa ne a cikin birni da in aka bi salsala za a tarar da wata kaka da ba a san garinsu ba, sai dai zanen fuskarta?

Abin da ya fi hana ni barci kuwa shi ne ba tarihi ba ne kawai. Ka tafi ka bar mu da Ƙanƙara a Disambar 2020, yara sama da 300 daga makaranta ɗaya. Sai Jangebe a Fabrairun 2021, 'yan mata 279. Sai jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, wanda na ƙarshen fasinjojinsa ba su fito ba sai a Oktoba. Sai Kuriga a Maris ɗin 2024. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji. A unguwarmu akwai wani bawan Allah da ya dawo Kano da zama bayan ya fito daga hannun 'yan bindiga, yana ɗan sayar da rake a bakin masallaci. Ba ya son maganar, ni ma ban taɓa tono shi ba. Wata rana da kansa ya ce mini ba duka ne ya fi tsaya masa a rai ba, ba yunwa ba ce kuma. Ranar da aka kara masa waya a kunne ne, ya ji muryar yayansa yana roƙon a rage, yana lissafa gona da shanun huɗa da babur, ana yi masa tsawa ana cewa bai kai ba. Yana faɗa yana feraye rake, ya feraye sanda guda har ƙarshe bai yanka ko gaɓa ɗaya ba. Tun daga ranar na cire duk wani wuri da na sa Gwanki ya yi abin burgewa, da kirarin da na yi masa, da dokinsa mai tashi sama. Mutum irin mai raken nan zai iya jin ana karanta littafin a rediyo, ba zan so ya ji ana yi wa wanda ya ɗaure shi tafi ba.

Yanzu ga abin da nake nema a wurinka, tunda kai ne kusa da malamai. Ka tuna a Risala mun karanta cewa nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko yana haramta aure ko da tsotsa ɗaya ce, kuma mijin mai shayarwa yana zama uban yaron ta wajen shayarwa. In haka ne Iya uwar Tanko ce, ɗanta ɗan'uwansa ne, wannan ba gardama. Amma Gwanki fa? Bai biya sadakin Iya ba, kamo ta ya yi da ƙarfi. Shin ya zama uban Tanko ta wannan hanya? In ya zama, me yaron yake bin sa, me shi yake bin yaron, alhali shi ne sanadin mutuwar mahaifiyarsa, kuma ayar Ma'ida ta 33 ta yi bayanin hukuncin masu tare hanya? Domin in Tanko ya haye rafin, shi kaɗai ne zai iya jagorantar dawakin sarki zuwa gindin kukar, kuma a sansanin akwai Iya da ɗanta, wanda ya riga ya sayar da asalinsa ya ɗauki baka.

Ina ta komawa ga ƙissar Zaidu ɗan Harisa, Allah ya ƙara masa yarda. Shi ma yana yaro mahara suka ɗauke shi, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, ya zo hannun Nana Khadija, ta ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifinsa da baffansa suka biyo sawu har Makka da kuɗin fansa, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama. Duk da haka aya ta 5 a Suratul Ahzab ta sauka ta ce a kira su da sunan iyayensu maza. An mayar masa da sunan ubansa, ba a kuma raba shi da gidan da ya rene shi ba. Na san ba a haɗa gidan Annabi da sansanin ɓarayi, Allah ya tsare. Abin da na ɗauka a ciki kawai shi ne nasaba hakki ce da ba a ƙwace wa mutum, reno kuma hakki ne na daban, ɗaya ba ya cinye ɗaya.

Shi ya sa nake tunanin a bakin rafi, in ruwan ya tambaye shi ɗan wa ne, zai faɗi sunan marinin da na matar da ta mutu, ruwan ya ƙi buɗewa. Sai ya ƙara da sunan Iya, sannan ya samu hanya. Amma ina tsoron kada ya zama na sa iskoki suna yanke hukuncin da ya saɓa wa shari'a, ko mai karatu ya fahimci cewa nasabarsa ba ta cika ba sai da ita. Ka duba mini wannan da idon basira, in akwai gyara kada ka ji nauyina.

Zan turo maka babi na tara zuwa na sha huɗu ta WhatsApp in an kawo wuta na gama bugawa. Ka fi mayar da hankali kan na sha biyu, inda uban yake tsaye a gaban yaran biyu. Ka gaishe mini da duk 'yan gida da kuke tare a can. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam.

Naka,
Amininka na cikin birni