Wasiƙa daga New York: na ga gasar Big East da idona

New York, Amurka
16 ga Maris, 2025

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da Hajiya. Yaya ibada? Allah Ya karɓa mana. Ni ina Bronx wajen ɗan'uwanmu, sanyi na raguwa amma iskar dare har yanzu tana shiga ƙashi.

Na san ba za ka yafe mini ba idan wani ya riga ni ba ka wannan labari: na shiga zauren wasanni na Madison Square Garden na kalli ƙwallon kwando. Ba ta ƙwararru ba, ta ɗaliban jami'a. A nan jami'o'i rukuni-rukuni suke, kowane rukuni yana kammala kakarsa da gasar sili-ɗaya-ƙwale a watan Maris. Rukunin Big East jami'o'i 11 ne, kuma tun 1983 a wannan zauren suke yin tasu. Zauren a kan tashar jirgin ƙasa ta Penn yake zaune, kana fitowa daga jirgi sai ka tsinci kanka cikin jama'a, kowa da rigar makarantarsa.

Ranar Juma'a muka je wasannin kusa da na ƙarshe. St. John's, wadda jami'ar cikin garin ce, ta kara da Marquette, kuma zauren da ke ɗaukar mutum kusan 20,000 ya koma ja wur, launin St. John's. Ana cikin rabin farko rana ta faɗi. Ɗan'uwanmu ya zaro dabino daga aljihu, muka sha ruwa a kujerunmu, 'yan badujalar ɗalibai na busa ƙaho a ƙasanmu. A lokacin Marquette ta tsere da rata mai yawa, wani dattijo kusa da ni ya dafe kai, ya ƙi kallon fili.

Sai wani yaron St. John's ya tashi tsaye. Zuby Ejiofor, iyayensa 'yan Najeriya ne. Wallahi abokina, ka ga yadda yake kafa ƙafa ƙarƙashin kwando, ya tare mutum da kafaɗa, ya karɓi ƙwallo ya juya. In an yi masa ƙeta ya je layi ya zuba. Maki 33 ya ci shi kaɗai, St. John's ta yi nasara 79 da 63. Abin da ka sha faɗa mana a fili ke nan, cewa dogon da ba ya tsoron gogayya ya fi mai harbi daga nesa amfani ranar da hannu ya ƙi. Daga baya Creighton ta fitar da UConn, mai riƙe da kofin ƙasa na 2023 da 2024.

Abin da ya fi kama ni shi ne dalilin wannan zafin nema. Duk wanda ya ɗauki kofin rukuninsa ya samu gurbi kai tsaye a babbar gasar NCAA, wato ta kofin ƙasa na jami'o'i, mai ƙungiyoyi 68. Sauran sai sun jira kwamiti ya zaɓe su ko ya bar su. Ga ɗan shekarar ƙarshe, mintuna 40 ɗin nan na iya zama wasansa na ƙarshe da rigar makarantarsa. Shi ya sa za ka ga ƙato yana faɗuwa ƙasa da ciki saboda ƙwallon da ta kuɓuce.

Jiya Asabar muka koma wasan ƙarshe, duk da tikitin ya ci kuɗi ba kaɗan ba. Creighton ce ke gaba a hutun rabin lokaci, amma da aka dawo St. John's ta buɗe wuta, ta ci 82 da 66. Rabonsu da wannan kofi tun 2000. Kocinsu Rick Pitino, mai shekara 72, yana tsakiyar yaran ana ta zuba musu takardu masu launi daga sama. Na ga magidanta suna share hawaye.

Yau da yamma za a fitar da jadawalin NCAA, zan turo maka ta WhatsApp. Ka nemi bidiyon wasan Marquette ka nuna wa yaran da kake horarwa, musamman dogayen, su kalli ƙafafun Ejiofor. Ka gaishe da Hajiya, ka ce ina neman addu'a a goman ƙarshe.

Naka har kullum,
Amininka